Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke Ganin Takardun Ƴaƴanmu a Makaranta?

Wasiƙun wannan fitowar sun taru kan abu guda: bayanan da iyaye ke miƙa wa makaranta ranar rubuta yaro, da inda suke ƙarewa. Masu aikin ofishin makaranta da masu sana'ar kwamfuta a nan Maraɗi ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata tana ajin BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Mushensu ya buɗe wa iyaye guruf a WhatsApp, ya sa hoton sakamakon aji da sunan kowa da makinsa, har da jerin waɗanda ba su gama biyan kuɗin makaranta ba. Sunanmu na ciki. Bayan sati guda wani ya kira ni, ya faɗi sunan yarinyar da ajinta, ya ce in turo jika goma sha biyar na takardun jarrabawa. Ban tura ba. Makaranta na da ikon yin haka?
*Wata uwa, unguwar Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin kyauta da ba ki tura ba. Makaranta na da ikon sanin kin biya ko ba ki biya ba, tana da ikon tuna miki, amma ke kaɗai, ta waya ko ta takarda a rufe. Ba ta da hurumin baza bashin gidanku gaban jama'a. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun 3 ga Mayu 2017, mai lamba 2017-28, sannan doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 ta zo ta sabunta tsarin. Tushenta shi ne: bayanin da aka karɓa don wani dalili, ba a wani aikin da shi, kuma ba a bari ya kai ga wanda babu ruwansa. Hukumar kare bayanan mutane ta ƙasa, HAPDP, da ke Yamai ce ke sa ido, kuma tana karɓar koke.

Galibi mushe sauƙin aiki yake nema, ba tozarci ba. Amma ki duba abin da guruf ke yi. Duk wanda ke ciki, in ya taɓa sunan guruf ɗin a sama, lambobin kowa za su jeru masa. Hoton da aka sa yana sauka da kansa cikin wayoyi da yawa, ya zauna tare da hotunan biki da na suna. Wayar nan yara na wasa da ita, ana kai ta gyara, ana sayar da ita a kasuwa. In kuma da mahaɗin gayyata aka tara mutane, duk wanda aka tura wa zai iya shiga, ko ba shi da ɗa a makarantar. Ɗan damfara abu uku yake bukata: sunan yaro, ajinsa, lambar uwarsa. Takardar nan ta ƙara masa na huɗu, wato sanin cewa ana bin gidan kuɗi. Bai ma bukaci kutse cikin kwamfutar kowa ba.

Ki fara da darekta, kuma ya fi kyau ki tafi da wani daga ƙungiyar iyayen ɗalibai, don kada maganar ta koma tsakaninki da mushe. A goge hoton, amma ki sani WhatsApp kwana biyu kacal yake bayarwa na goge shi ga kowa da kowa, kuma wanda ya riga ya tura shi wani wuri ya tura. Magana zarar bunu ce. A soke tsohon mahaɗin, a kunna tsarin da sai shugaban guruf ya amince kafin sabon mutum ya shiga, a bi lambobi ɗaya bayan ɗaya da littafin aji, a fitar da wanda ba a sani ba. Sanarwa irin ta hutu ko taro, jerin aikawa ya fi guruf: yana ɗaukar lamba 256, kowa na samun saƙon shi kaɗai, ba ya ganin lambar wani, da sharaɗin ya ajiye lambar makaranta a wayarsa. Maki da bashi kuwa, kowane gida nasa. Kiran sunayen waɗanda suka ci jarrabawar ƙasa a bainar jama'a wani abu ne daban, hukuma ce ta tsara shi.

Lambar da ta kira ki, kada ki goge. Ki rubuta rana da lokaci, ki kai wa ƴan sanda. Dokar 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet ta tanadi hukuncin irin wannan damfara. Makaranta kuma ta faɗa wa iyaye a rubuce tun farkon shekara cewa a ofis kawai ake biya, a karɓi rasit, ba ta lambar wani mutum ba.

Tambaya: Ina riƙe da wata makaranta mai zaman kanta, ɗalibai sun haura ɗari huɗu. Dosiyoyinsu na cikin kwalaye a ofishina, akwai kuma kwamfuta guda da sakatare ke aiki da ita. Ba mu da kuɗin manyan na'urori. Daga ina zan fara?
*Darekta, unguwar Ali Ɗan Sofo*

Amsa: Malam darekta, fara da rage abin da kake karɓa, don abin da ba ka riƙe ba ba zai ɓace a hannunka ba. Ɗauko takardar rubuta ɗalibi, ka bi ta layi-layi kana tambaya: wannan me za mu yi da shi? Suna, ranar haihuwa da wurinta, sunan uba da na uwa ko mai riƙo, unguwa, lambobi biyu na kira, makarantar da ya baro. Ciwon da zai iya tasowa a aji, kamar sikila, farfaɗiya ko asma, shi ma ana bukata, amma a takarda daban. Ƙabila, yawan matan uba, abin da yake samu a wata, ba aikin makaranta ba ne. Kuma kada ka riƙe takardar haihuwa ta asali. Ka duba ta, ka karɓi kofin da aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari, ka mayar wa mai ita a take.

Kwali kuwa abincin gara ne. Ka samu kabad na ƙarfe mai makulli, ka ɗora shi kan bulo ya tashi daga ƙasa kamar santimita 20, ka janye shi daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, kada ya zauna ƙarƙashin taga ko inda rufi ke ɗiga a Yuli da Agusta. Duk wata a buɗe a duba bayansa. In ka ga siririn layin ƙasa ya hau bango, gara ta iso. Makulli biyu sun isa, naka da na sakatare. A ɗaure ƙaramin littafi a ƙofar kabad ɗin: wanda ya ɗauki dosiye, na wane ɗalibi, don me, yaushe ya dawo da shi. Malamin aji makin ɗalibansa da lambar iyayensu yake bukata, ba duk dosiyen ba. Kuma a daina aiken ɗalibi ya ɗauko littafin maki, ko ba shi ya cike takardun sakamakon ƴan ajinsu. Nan ne sirri ke fara zuba, nan ne kuma ake canza maki.

Inda muke son ka fi tsayawa shi ne tsoffin takardu. Kowa ya taɓa karɓar ƙosai ko tsire a cikin takarda, ya buɗe ya ga sunan wani yaro, ranar haihuwarsa da jan biron malami, mai ya jiƙa rabin shafin. Daga shara ko sito na wata makaranta ta fito. Babban littafin rajista da na sakamako ba a zubar da su ko ƙona su har abada, don tsohon ɗalibi zai dawo bayan shekara ashirin neman shaidar karatu. Amma fotokofin da ya lalace, jerin aji na bara, takardun gwaji da ba a karɓa ba, a tara su a kulle, a ƙone su ƙarshen shekara a gaban mutum biyu, a motsa tokar, saboda takarda mai kauri tsakiyarta ba ta cinyewa. Kafin ka ƙona wani abu na hukuma, ka tambayi ofishin sufeton makarantu.

Kwamfuta: kowane mai aiki da ita ya samu nasa asusun da kalmar sirrinsa, aƙalla harafi goma sha biyu, ba sunan makaranta da shekara ba, kuma ba a manna ta a jikin allo. Fayil na Excel da ke ɗauke da ɗalibai shi ma a kulle shi da kalmar sirri. Duk ranar Juma'a a kwafe shi a kilen USB guda biyu, ɗaya a kabad, ɗaya a wani wuri amintacce wajen makaranta, don gobara ko ɓarawo kada su haɗa duka. Waɗannan biyun ba sa zuwa siber ko shagon buga takardu. Daga can ake kwaso cutar da ke ɓoye fayiloli. In dole a buga a waje, mutumin makaranta ya tsaya a kai, ya ga an goge fayil ɗin daga kwamfutar shagon har kwandon shararta, ya kwaso har shafukan da suka lalace. Turawa mai shago ta WhatsApp kuwa, ka bar masa kofi ke nan a wayarsa. Ranar da kwamfutar za ta tafi gyara ko sayarwa, a cire faifan ajiyarta, don gogewa ta yau da kullum ba ta hana a dawo da fayil. Sannan ka rubuta wa HAPDP ka nemi ƙa'idar sanar da ita wannan rumbun naka, ka kuma ɗora aikin duka a wuyan mutum ɗaya da aka sani.

Tambaya: Ni mai gadi ne a wata sakandare. Mutane kan zo su ce su kawun wance ne ko yayanta, a ba su lambar gidansu ko a faɗa musu lokacin tashinta. Wasu dattawa ne, ina jin nauyin hana su.
*Mai gadi, Tibiri*

Amsa: Baba, ba sai ka ce wa kowa a'a ba. Ka gaishe shi, ka ba shi wurin zama, ka ce wannan maganar ta ofis ce. Kada ma ka tabbatar masa cewa yarinyar a nan take karatu. Ofis zai duba sunayen da iyaye suka rubuta na waɗanda aka yarda su ɗauki yaro, ya kira lambar da ke cikin dosiye, ba wadda baƙon ya kawo ba. Kawu na gaskiya ba zai ji haushi ba, ya san hanyar gidan. Inda aure ya mutu ana jayayya kan riƙon yaro, darekta ya nemi takardar alƙali, kada ya yanke da kansa.

Tambaya: Wata ƙungiyar agaji ta zo makarantarmu ta ɗauki sunaye da hotunan yara, har da ƴaƴan ƴan gudun hijira. Daga baya muka ga fuskokinsu a Facebook da sunan garinmu. Ba a tambayi iyaye ba.
*Mamban kwamitin kula da makaranta, yankin Gidan Rumji*

Amsa: Malam, damuwarka na kan hanya. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako yankinku daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga. Wanda ya gudo daga masu garkuwa da mutane, a nuna fuskar ɗansa da sunan garin da ya sauka, an nuna hanyar gidansa ke nan.

Nan gaba, duk ƙungiyar da ta zo ta fara nuna takardar izini daga hukumar ilimi. A tara iyaye, a yi musu bayani da Hausa: me za a ɗauka, don me, wa zai gani, har yaushe za a riƙe. Yardar karɓar taimako daban, yardar ɗaukar hoto daban, kuma wanda ya ƙi hoto ba a hana ɗansa littafi ko abinci. Sa hannun darekta ba ya maye gurbin na uba ko uwa. In lissafi kawai ake so, a ba da adadi, maza kaza, mata kaza, ba sunaye. In hoto ya zama dole, a ɗauko yara daga baya suna fuskantar allo, kada allon sunan makaranta ya fito, a kashe alamar wuri a kamarar waya. Hotunan da suka riga suka fita, kwamiti ya rubuta wa ƙungiyar takarda mai kwanan wata yana neman a sauke su, ya riƙe kofi. In ba ta amsa ba, kofin nan ne za a haɗa da koke zuwa HAPDP.

Tambaya: A takardar haihuwar ɗana an rubuta Mahamadou, haihuwar 2011. A takardun makaranta kuma Mahamane, 2010. An ce in bari, ba komai.
*Wani uba, unguwar Bagalam*

Amsa: Alhaji, kada ka bari. A gida duk suna ɗaya ne, amma a wurin hukuma mutum biyu ne. Kuskuren zai bi shi cikin jerin masu jarrabawa, ya hau shaidar BEPC, ya wuce ta BAC, wato ta kammala babbar sakandare, sai ranar shiga jami'a ko neman fasfo a ce takardunsa ba su dace da juna ba. Doka ta ba ka ikon ganin abin da aka rubuta kan ɗanka da neman a gyara, ba alfarma ba ce.

Ka je ofis da takardar haihuwa ta asali, a buɗe babban littafin rajista a gabanka, a gwada harafi da harafi: sunansa, sunan uba, rana, wata, shekara, wurin haihuwa. In kuskuren na makaranta ne, darekta ya ja layi ɗaya kan tsohon rubutu yadda za a iya karanta shi, ya rubuta daidai a gefe, ya sa kwanan wata, sa hannu da hatimi. Ba a kankarewa, ba a shafa farin ruwan gogewa, don shi ke jawo zargin jabu. A gyara a dosiye, a littafin aji, da cikin kwamfuta, duk a rana ɗaya. In aka manta kwamfutar, jerin baɗi zai sake fitowa da tsohon sunan. In kuwa a takardar haihuwar ne aka yi kuskure, makaranta ba ta da ikon taɓa ta, sai ka bi ta ofishin rajistar haihuwa da kotu. Ka yi wannan tun watan Oktoba, kafin makaranta ta aika dosiyoyin masu jarrabawa, kuma ranar da aka kafe jerin sunayen wucin gadi ka je da kanka ka karanta layin ɗanka.