Dalilin yanke ƙauna a tsofaffin littattafan Rasha

Malama, kin tambaya ko baƙin cikin da ya cika tsofaffin littattafan Rasha ɗabi'ar marubutan ce kawai, ko kuwa akwai abin da ya haifar da shi. Na daɗe ina karanta su ina kuma karantar da ɗalibai, kuma a ganina tsarin ƙasar ne ya jawo shi.

Tun 1722 sarki Peter ya kasa ma'aikatan gwamnati da sojoji gida 14, har darajar mutum ta koma matakinsa a takarda. Wannan ne ya sa labarin Gogol na 1842, na wani ƙaramin magatakarda a Saint Petersburg da ya ƙuntata wa kansa har ya ɗinka sabuwar kwat, aka ƙwace masa ita, ya kai kuka wurin wani babba aka daka masa tsawa, ya kwanta ya mutu, yake taɓa ni fiye da manyan littattafan. Ɗalibaina sukan fara da dariya, amma idan muka kai wurin tsawar nan sai ajin ya yi tsit, domin kowa ya san wanda aka taɓa wulaƙantawa a ofis saboda ba shi da kowa.

A ƙauyuka kuwa, manoma da yawa mallakar masu gonaki ne har 1861, lokacin da sarki Alexander na biyu ya 'yanta su, kuma ko bayan nan an ɗora musu bashin kuɗin filaye na shekara 49. 'Ya'yan masu hali da suka yi ilimi sun ga zaluncin, amma tun da aka murƙushe boren da wasu hafsoshin soja suka yi wa sarki a Disamban 1825 suka gane cewa magana tana iya kai mutum Saiberiya, yanki mai nisa da tsananin sanyi inda ake tura fursunoni. Marubuci Dostoevsky da kansa an tsayar da shi gaban masu harbi a 1849, aka fasa a minti na ƙarshe, ya yi shekara 4 a kurkukun Omsk da ke Saiberiya. Wanda ya ga haka ba zai rubuta labarin da komai ke ƙarewa lafiya ba.

Shawarata ita ce ki fara da Gogol, sannan gajerun labaran Chekhov, wanda kakansa bawa ne da ya fanshi kansa, kafin ki shiga dogayen littattafan Dostoevsky.