Tambaya da Amsa: Shin Leza Za Ta Raba Ni da Injin Likitan Haƙori?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina da kogo a wani haƙorina na can ciki, kuma dasashina yana zubar da jini idan na goge baki. Tsoron allura da ƙarar injin gurzar haƙori ne suka hana ni zuwa asibiti. An ce mini yanzu da hasken leza ake yin komai, babu zafi, babu jini. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da aka faɗa miki yana da ƙamshin gaskiya, amma an ƙara masa gishiri.

Leza na'ura ce da take fitar da siririn haske mai ƙarfi. Masanin kimiyya Theodore Maiman ne ya ƙera ta farko a Amurka a 1960, amma sai a 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince a yi aiki da ita a kan dasashi, sannan a 1997 ta amince da wani nau'in leza mai suna Er:YAG don aiki a kan haƙorin kansa. Wannan tazarar tana da dalili, domin nama da haƙori ba iri ɗaya suke karɓar haske ba.

A kan dasashi ne leza ta fi nuna bajinta. Tana yanka nama tana kuma toshe ƙananan jijiyoyin jini a lokaci guda, shi ya sa jini yake raguwa, likita yana ganin wurin aikinsa sarai, kuma sau da yawa ba a buƙatar ɗinki. Da ita ake rage dasashin da ya yi girma ya rufe haƙori, ake kuma yanke tantanin da yake ɗaure harshe daga ƙasa. Sai dai jinin da kike gani galibi dattin da ya daskare a gindin haƙora ne yake jawo shi, kuma kankare shi ne maganin farko. Leza taimako kawai take yi.

Batun kogo kuwa da sauƙi da wuya. Hasken Er:YAG ruwan da yake cikin haƙori yake tafasawa nan take, sai ruɓaɓɓen wurin ya ɓantale kaɗan-kaɗan, ba tare da girgizar injin ba, kuma ƙaramin kogo yakan yiwu babu allura. Amma ba ta kai injin sauri ba, ba a cire tsohon ciko mai launin azurfa da ita saboda zaibar da take cikinsa, kuma idan ruɓar ta kai ga jijiya, allurar kashe zafi ta zama dole.

Ki je a duba ki, a ɗauki hoton haƙorin, sannan ki tambayi likitan wace irin leza yake da ita, da kuma ko ya samu horo a kanta. Idan da ita za a yi, ku duka biyu sai kun sanya tabarau na musamman, domin haskenta yana iya lahanta ido.