Kayan ɗakin amarya: saitin kanti ko aikin kafinta?

Tambaya: Assalamu alaikum malam kafinta. Ni uwa ce a nan Yamai, ɗiyata ta fari za a kai ɗakinta nan da wata uku in sha Allah, mijin ya kama haya ɗaki da salon a Harobanda. Abin da na tara bai cika miliyan guda na sefa ba. Ƙawayena sun ce in ɗauki saitin Dubai ko na Turkiyya irin wanda ake jerawa a shaguna, gado da armuwar da madubi da kujeru gaba ɗaya, babanta kuma ya ce a ba kafinta. Wane ya fi? Ban son a yi min dariya ranar jere, ban kuma son kuɗina su tafi a banza.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Na san za ki ce ai kafinta ba zai kushe sana'arsa ba, to ki bari in gaya miki abin da za ki duba da idonki da hannunki, ba sai kin ɗauki maganata ba.

Da wannan kuɗin da kika faɗa, kuma gidan haya, kuma Harobanda, ni ban ba ki shawarar saitin kanti. Ba wai duk kayan waje ne banza ba, akwai na Turkiyya masu kyau ƙwarai amma ba su ake sayarwa a wannan farashin ba. Mafi yawan masu ƙyallin nan ba katako ba ne, garin katako ne aka kwaɓa da gam aka danne da inji, shi ake ce ma MDF, sai a lulluɓe shi da formika ko wata takarda mai zanen itace. In kin shiga shago kar ki tsaya gaban armuwar kina kallon madubi, zagaya bayanta, ko ki jawo aljihun ki dubi bakin allon inda ba a rufe ba. In kin ga babu jijiyar itace, kamar dunƙulen dussa, to shi ne. Abu biyu ke kashe shi, ruwa da tashi. Ruwa in ya taɓa gindinsa sai ya kumbura ya yi burtsatsi kuma ba ya komawa, kuma kin san yadda unguwannin bakin kogi suka sha a ambaliyar 2020 da ta 2024, ko ma ba ambaliya, amarya mai goge ɗaki da ruwa kullum safiya ta ishe shi. Tashi kuwa, bis ɗin da aka ɗaure shi da su sau ɗaya suke kamawa da kyau, ranar da mai gida ya ce yana son gidansa aka kwance aka loda a amalanke aka sake haɗawa, ramin ya riga ya buɗe, ƙofa ta fara leƙe, gado ya fara kuka.

Amma kuma kar ki ɗauka duk wanda ya rataya zarto an gama. Babbar cutar da ake yi a sana'armu ita ce ɗanyen katako. Mu nan ba mu da dajin katako, daga Ghana da Kodibuwa da Najeriya da Benin yake zuwa, ƙasashen laima, yana isowa da ruwa a cikinsa. Nan kuwa a watan Fabrairu da Maris laimar iska tana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, katakon da bai bushe ba sai ya tsuke, ya tsage, ƙofar armuwar ta murɗe ta ƙi rufuwa, kuma a ranar jere ba abin da za a gani, sai hunturu ya zagayo. Don haka in da hali baban yarinya ya bi kafintan zuwa kasuwar Katako a zaɓi allunan a gabansa. Ɗanye yana da nauyi fiye da ƙima kuma in ka ɗora tafin hannu za ka ji sanyi-sanyi, busasshe in ka ƙwanƙwasa yana amsawa tas. Kafinta na kirki yana da wanda ya jingine a inuwa tun tuni, ki tambaye shi.

Sai irin katakon. Farin katako, wanda muke ce ma samba, shi ya fi araha, ba nauyi, da sauƙin aiki, amma shi ƙwaro da gara suka fi so. In kin ga ƙananan huji kamar na allura da gari mai ruwan ɗorawa yana zubowa a ƙasa, ƙwaro na ciki, kar ki yarda a ce miki za a shafe. Ƙashin gado da ƙafafu da ƙashin kujera a yi su da jan katako, in kuɗi ya kai a sa iroko, shi gara ba ta cika damunsa ba sai dai tsada. Bayan armuwar da gindin aljihu falanki siriri ya isa, ba asara ba ce. Wayon da wasu ke yi shi ne su shafa ma samba jan kala su bi da man sheƙi ya fito kamar ja, to ki sa farce ki danna ta ƙarƙashi inda ba a gani, samba yana lotsawa nan take, in an ɗan kankare kuma fari zai fito. Shi ya sa nake cewa ki je ki ga aikin tun yana tsirara kafin a shafa komi.

Kujeru nan ne mata suka fi ruɗuwa, don yadi ake kallo alhali soso ne kujera. Soso yana da lamba, nauyinsa ke nan a kowace mita kubik, na zama kar ya gaza kilo 30, ƙasa da haka a sa shi a jingina kawai. Ki zauna ki ɗan jima sannan ki tashi, in gurbinki bai cike nan da nan ba, ko kika ji katako a ƙarƙashinki, bar shi. Fatar roba mai sheƙin nan kuwa a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 tana manne ma mutum a jiki, daga baya ta fara saɓulewa. Karan-miski kyakkyawa ne amma duk ƙurar hunturu a cikinsa take kwana. Yadi mai kauri mai ɗan duhu, a yi ma matasan riga mai zif da za a cire a wanke, wannan ya fi mata amfani musamman in Allah ya kawo ƙaruwa.

Ki aika a auno ɗakin da salon kafin ki ba kowa ko dala, har da faɗin ƙofa, don ƙofofin gidajen haya da yawa santimita 80 ne ko 90, armuwar mai ƙofa shida in ba mai kwancewa ba ce a tsakar gida za ta kwana. Salon mai mita 4 kan 4 in aka cusa masa kujeru masu zaman mutum bakwai da tebur da kabat ɗin talabijin, ina za ta shimfiɗa sallaya, ina baƙi za su miƙe ƙafa? Na mutum biyar ya isa. Katifa kuma a fara sayenta sannan a yi gado a kanta, 160 kan 200 ko 180 kan 200, ba a yi gado a zo ana neman katifar da za ta shiga ba. Nan ne ma nake son ki fi sakin hannu, katifa da gado, sannan armuwar, kujeru su zo na uku. Komi a yi masa ƙafa ya tashi daga ƙasa kamar santimita 10, kuma kar a manna shi da bango saboda gara da laimar damina. In canji ya rage ki sa mai walda ya yi mata kujerun ƙarfe masu igiyar roba guda biyu ko uku, ba sa shiga hoton jere amma ranar da aka ɗauke kuran cikin bazara su za a fitar waje.

Maganar dariya kuwa, busasshen jan katako da aka goge da kyau aka bi shi da man sheƙi ba ya jin kunya a gaban kowane saiti, in akwai fasalin da ya burge ɗiyarki ta ɗauko hotonsa a waya a nuna ma kafinta. Ku rubuta komi a takarda, irin katako, lambar soso, awo, kala, da ranar kawowa, a sa ranar ta riga jere da sati biyu don mu kafintoci mun san halinmu in aiki ya taru, balle in biki ya haɗu da salla. Ki ba da rabin kuɗi na sayen kaya, sauran sai an kawo an haɗa a cikin ɗakin, an buɗe kowace ƙofa an jawo kowane aljihu a gabanki. In kin samu awon ki turo, in gaya miki abin da zai shiga da wanda za a rage.