Mangwaron da na saro kore shar ya yi baƙin tabo a hannuna, shin in ci bashi in kafa ɗakin sanyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan sarin mangwaro ne, shekara shida ke nan. Nakan sayi lambu sukutum tun 'ya'yan suna ƙanana, in biya mai lambu kuɗinsa, idan sun ƙosa in kawo masu tsinka. Bana an tsinko mini kaya kore shar, babu ko ɗigo, amma kwana huɗu zuwa biyar da fara nuna sai baƙaƙen tabo suka feso musu, wasu kuma suka ruɓe ta wuya. A kowane kwando goma, kusan uku na zubar ko na sayar a wulaƙance. Mai lambu ya ce shi lafiyayyen kaya ya ba ni, zafin mota ne. Wani abokina ya ce in ci bashi in kafa ɗan ɗakin sanyi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Amsata a gajarce ita ce kada ka ci bashin nan, aƙalla ba bana ba. Ɗakin sanyi ba zai warkar da abin da ya ci maka jari ba, domin cutar ba a mota ta kama kayanka ba. Tun suna kan bishiya ta kama su.

Abin da ka kwatanta ya yi kama ƙwarai da cutar funfunar da malaman gona ke kira antaraknos, wadda funfunar Colletotrichum ke haddasawa. Ita ce babbar cutar mangwaro a duk inda ake da ruwa da laima. Ƙwayoyinta na zaune a busassun rassa, matattun ganye da tsofaffin 'ya'yan da suka ƙeƙashe a sama, kuma feshin ruwan sama ne ke watsa su kan fure da ƙananan 'ya'ya. Wayonta shi ne idan ta sauka kan ɗanyen mangwaro takan kafa ƙafa a fatar ta yi lamo. Ɗanyen mangwaro yana da sinadaran da ke danne ta, to sai ta jira. Ranar da ya fara nuna, sinadaran suka ragu, zaƙi ya shigo, sai ta farka. Shi ya sa mai lambu zai iya rantsuwa cewa kaya mai kyau ya ba ka, kuma bai yi ƙarya ba a kan abin da idonsa ya gani. Zafin motar da yake faɗa ya dai gaggauta nuna, cutar ta bayyana da wuri. Waɗanda suka ruɓe ta wuya kuwa galibi aikin wata funfunar ce daban, Lasiodiplodia, da ke shiga ta wurin da aka tsinke mangwaron, ita ma sai an fara nuna take nuna kanta.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbatar da abin da kake yaƙi da shi, don ba kowane baƙi a jikin mangwaro ne funfunar nan ba. Tabon antaraknos yakan lotsa ciki kaɗan, yana faɗaɗa, wani lokaci ya zo a jere daga wuya zuwa ƙasa kamar sawun hawaye, saboda hanyar da ruwan sama ya bi. Idan baƙin kamar kunkunniya ne kuma yana fita da ka goge da jiƙaƙƙen tsumma, wannan funfuna ce da ke tsiro kan darɓar da ƙananan ƙwari ke zubarwa. Muni ne kawai, wanki ya ishe shi a hannunka, maganinsa na asali kuma kashe ƙwarin. Idan zane ne ruwan ƙasa da ya gangaro daga wuya, ƙaron mangwaron ne ya ƙone fatar lokacin tsinka. Idan tabon ya taso sama, ya tsage kamar tauraro yana fitar da ɗanko, to bakteriya ce, kuma yawancin magungunan funfuna ba sa taɓa ta. Idan kuwa ka yanka ka ga tsutsa, ƙudan 'ya'yan itace ne. Ka ɗauki guda biyar ka kai wa malamin gona ya duba. Na sha ganin ɗan kasuwa ya sayi magani mai tsada don cutar da ba ita ke damunsa ba.

Yanzu mu zo kan lissafi, wanda shi ne fagena. A ce ka sayi kwando 100, ka biya masu tsinka da 'yan dako da kuɗin mota a kan 100 ɗin. Idan 30 suka lalace, duk abin da ka kashe ya koma wuyan 70, wato kowane kwandon da ya tsira ya hau da kusan kashi 43 cikin ɗari. Idan ribar da ka saba ɗorawa kashi 20 ce, to ba ribar kaɗai ta tafi ba, ka ci kashi 16 na uwar kuɗinka. Da irin wannan ribar, da zarar ɓarna ta kai kwando 17 cikin 100, aikin banza ka yi. Ka riƙe wannan lambar, ko ka fitar da taka daidai da ribarka, domin ita za ta riƙa gaya maka lambun da za ka taya da wanda za ka wuce.

Babban rauninka a wurina shi ne yadda kake ciniki. Ka biya kuɗi duka tun 'ya'yan suna ƙanana, daga ranar nan mai lambu ba shi da sauran dalilin sayen magani ko hawa bishiya ya datse busasshen reshe. Kuɗinsa na aljihu. Kai kuma da kayan suka zama naka ba ka nan, sai ranar tsinka. Watannin da cutar ke shiga su ne daidai watannin da lambun ba shi da mai kula. Dole ɗayan biyu. Ko dai ka daina sayen lambu sukutum, ka koma sayen kwando ranar tsinka, kana zaɓa kana barin wanda bai yi maka ba, ko da za a ɗan ƙara maka kuɗi. Ko kuma, idan sayen lambun ne ya fi maka don ka riga abokan sana'a, ka raba biyan: kafin alƙalami a farko, wani kaso bayan ka ga an yi feshi da idonka, ragowar kuma kwana biyar zuwa bakwai bayan tsinka. Ku rubuta a takarda da shaidu cewa idan ɓarna ta wuce kaza cikin ɗari za a raba asarar. Wasu masu lambu za su ƙi, hakkinsu ne. Wanda ya san yana kula da bishiyoyinsa ba ya yawan jin tsoron wannan sharaɗin.

Akwai gwaji mai arha da nake so ya zame maka al'ada. Mako guda kafin a tsinka, ka ɗebo ƙosassun mangwaro 30 daga bishiyoyi daban-daban, har da na can cikin duhuwar rassa inda iska ba ta shiga. Ka sa su a kwali, ka ajiye a ɗaki mai ɗumi su nuna, ka ƙirga masu tabo. Idan biyu ko uku ne, bismilla. Idan tara ne ko goma, ka ga abin da zai sami motarka tun ba ka yi lodi ba, sai ka nemi ragi, ko ka shirya sayar da kayan kusa cikin gaggawa. Mangwaro 30 ba komai ba ne a kan lodin mota guda.

Idan kai ne za ka ɗauki nauyin feshi, ka san abin da kake shiga. Magungunan da aka fi amfani da su, irin masu jan ƙarfe da mancozeb, rigakafi ne, ba sa ciro cutar da ta riga ta shige fata. Ana fara su tun fure na fitowa, a maimaita kusan kowane mako biyu idan ana ruwa, don ruwan na wanke su. Feshi ɗaya ana gobe tsinka zubar da kuɗi ne, kuma haɗari ne ga mai sha, tunda kowane magani yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a tsinka, a rubuce a jikin kwalinsa. Idan kana da burin kai kaya ƙasashen waje, ka sani Tarayyar Turai ta janye amincewarta da mancozeb a 2021, kuma ana auna ragowar magani a jikin kaya. Sannan ka ɗaga kai ka dubi tsayin bishiyoyin. Tsohuwar bishiyar da ta yi tsororuwa, famfon goyo ba zai kai samanta ba, duk abin da ka fesa a ƙasa ruwan sama zai sake sauko masa da cuta daga sama. Irin wannan lambun ka taya shi da farashin mai ɓarna, ko ka bar shi. Irin mangwaron ma yana da tasiri: Tommy Atkins ya fi jure antaraknos, Haden da Irwin kuwa suna saurin kamuwa.

Abin da ke hannunka kai tsaye shi ne ranar tsinka da washegari. Kada a tsinka ana ruwa ko da raɓa a jiki. Kada a kakkaɓe da sanda ya faɗo ƙasa. A yanko shi da ɗan karansa, a kai inuwa, a rage karan zuwa kamar santimita ɗaya, a kife shi wuya ƙasa a kan wani abu mai tsabta, ba a kan turɓaya ba, har ƙaron ya tsiyaye. Sai kuma wankan ruwan zafi, wanda manyan kamfanonin fitar da mangwaro suka daɗe suna yi: a tsoma kayan cikin ruwa mai zafin digiri 52 a ma'aunin Celsius na tsawon minti biyar, a cikin awa 24 da tsinka, a fitar a shanya a inuwa su bushe sarai kafin a zuba a mazubi. Wannan yana rage antaraknos sosai, ko da yake bai cika yin tasiri haka a kan ruɓar wuya ba. Sai da ma'aunin zafi, hannu ba ya aunawa. Ruwan yakan huce da an zuba kaya, idan kuma ya haura digiri 55 fatar za ta ƙone, ka jawo wa kanka wani tabon da kuɗinka. Ka fara gwadawa da kwando ɗaya, don kowane iri da nasa juriyar.

Ka ga duk kayan aikin nan, ganga, ma'aunin zafi, almakashin yanka da akwatunan roba masu huji, ba su kai a ci musu bashi ba. Ɗakin sanyi kuwa abin da yake yi shi ne jinkirta nuna, cutar na nan kwance, ranar da kayan suka fito suka sha ɗumi za ta tashi, wataƙila a hannun wanda ya saya daga gare ka, wanda ba zai sake dawowa ba. Ga shi mangwaro ba ya son sanyi mai yawa. Digiri 12 zuwa 13 ake ajiye ɗanye, idan ya yi ƙasa da 10 fatar takan yi toka-toka ya ƙi nuna yadda ya kamata. Ka haɗa da kuɗin wuta, da gyara, da biyan bashi wata goma sha biyu a kan kayan da kakarsu 'yan watanni ce. Ɗakin sanyi na wanda ya riga ya gyara kayansa tun daga lambu ne, yake kuma da wani abin da zai zuba a ciki idan mangwaro ya wuce.

Sauran kayan da ke hannunka yanzu, ka zazzage su yau ka ware uku. Masu tsabta su tafi kasuwa mai nisa ko wurin mai biya da kyau. Masu ɗigo ɗaya ko biyu, waɗanda tabon bai wuce fata ba, ka sayar da su yau ko gobe ga masu matse ruwansa ko busar da shi, ka faɗa musu gaskiyar abin da ke jiki, kada a jera masu kyau a sama a ɓoye su a ƙasa. Waɗanda suka ruɓe a haƙa rami a binne nesa da bishiya da wurin ajiya, a wanke akwatunan kafin a sake zuba wasu. Batun mai lambu kuwa, tunda babu sharaɗi tsakaninku, ban ga abin da rigima za ta karɓo maka ba. Ka je da mangwaro biyar masu tabon ka nuna masa, ku tsaya ƙarƙashin bishiyar ku dubi busassun rassan tare, daga nan ka buɗe maganar cinikin baɗi a kan biya kashi uku.