Na canza salansar motata, dila ya ce garanti ya tashi: ina matsayina a doka?

Barista, barka da aiki. Wata huɗu ke nan da na sayi motar tsere irin wadda ake hawa titi da ita, sabuwa dal. Ƙararta ce ba ta gamsar da ni ba, sai na yi odar cikakken salansa na wani kamfani daban ta intanet, na kai wa makanike. Da zai ɗaura ya ce matatar hayaƙi tana shaƙe injin, ya cire ta ya sa miƙaƙƙen bututu a gurbinta, ni kuwa na amince. Bayan kwana uku wutar gargaɗin inji ta kama a dashbod. Na je wurin dilan kamfanin, ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce garanti ya tashi gaba ɗaya. Maƙwabcina ma ya yi mini magana sau biyu kan ƙarar da take yi da sassafe, ya ce na uku gaban hukuma za mu haɗu. Kamfanin inshora ban gaya musu komai ba. Shin na karya doka ne? Kuma dila yana da wannan ikon?

Malam, na gode da ba ka ɓoye komai ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Garanti ne ya fi damunka, amma ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ka ambata a taƙaice can ƙarshe, wato inshora. Zan zo kansa. Sai dai mu fara kwanciya a ƙarƙashin motar tukuna, don a can dokar ta ja layinta.

Hayaƙi idan ya bar inji, matata yake fara ratsawa, wadda makanikai ke kira katalis, sannan ya bi dogon bututu zuwa tukunyar salansa da ke rage ƙara, ya fita ta baya. Duk abin da ka canza daga bayan matata zuwa wutsiyar mota, magana ce ta ƙara. Da zarar ka taɓa matatar kanta, ka shiga dokar gurɓata iska, kuma wannan doka ba ta da sassauci irin na waccan. In ka taɓa riƙe matatar a hannu ka haska cikinta da tocila, za ka ga dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe su da filatinom da faladiyom da rodiyom. Su ne ke juya gubar kabon monoksaid da ɗanyen man da bai ƙone ba zuwa iska mai sauƙin illa. Akwai sensa, wato na'urar auna hayaƙi, ɗaya a gabanta, ɗaya a bayanta, kwamfutar motar tana gwada abin da suke karantawa. Da aka cire matatar, sai biyun suka riƙa faɗin abu ɗaya, shi ya sa wutar ta kama. In aka jona na'urar bincike, lambar da ta fi fitowa a irin wannan hali ita ce P0420. Ke nan motar da kanta tana ba da shaida a kanka.

Lambar sashe da yawan tara sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma alƙiblar ɗaya ce. A Amurka, Dokar Tsaftar Iska ta haramta cire ko kashe duk wata na'urar rage hayaƙi, kuma gyaran da aka yi mata a 1990 ya faɗaɗa haramcin ya haɗa da kowa, har mai motar da ya yi aikin da hannunsa. A Jamus, sashe na 19 na ƙa'idojin rajistar motoci ya ce izinin hawa titi yana faɗuwa da kansa idan canjin da aka yi ya ƙara hayaƙi ko ƙara. A Birtaniya motar da ta zo da matata daga kamfani aka cire mata ba za ta ci gwajin shekara-shekara na MOT ba, kuma sashe na 76 na Dokar Zirga-zirga ta 1988 ya mayar da ɗaura kayan da zai sa mota ta saɓa ƙa'ida laifi a kan wanda ya ɗaura. Don haka amsar tambayarka ta farko ita ce: a galibin wuraren da ake da dokar hayaƙin mota, cire matatar nan daga motar da ke hawa titi laifi ne, kuma kai da makaniken kun yi tarayya a cikinsa.

Ka duba kwalin da kayan suka zo a ciki. Ina kyautata zaton za ka ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa don filin tsere kawai aka yi su. Wannan rubutu mai sayarwa ya yi shi don kare kansa, kai ba ya kare ka da komai. Hasali ma shi za a nuna maka a ce an gargaɗe ka.

Ɓangaren baya kuwa akwai sarari. Jihar Kalifoniya ta sa iyakar desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 95 ga motocin da nauyinsu bai kai fam 6,000 ba. Tarayyar Turai tana da ƙa'ida mai lamba 540/2014 da ke rage iyakar ƙarar sababbin motoci mataki-mataki, kuma tukunyar kasuwa, wato wadda ba ta kamfanin motar ba, da aka amince da ita tana ɗauke da tambarin harafin E da lamba a jikin ƙarfenta. Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗe ka: ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Hukumomi kuma sun daina dogara da kunnen ɗan sanda kaɗai. An girka kyamarori masu auna ƙara a Faris da Landan da Niyok, kuma jihar Niyok ta ɗaga tarar salansa mai ƙara zuwa dala 1,000 da dokar da aka sa wa hannu a 2021. Idan tukunyarka tana da tambari da takardar amincewa ta ainihin samfurin motarka, kana iya barin ta. Idan babu, a auna ta a wurin gwajin da hukuma ta sani, ka karɓi sakamakon a rubuce.

Yanzu maganar dila. Ya faɗi rabin gaskiya, rabin kuma ya wuce gona da iri. Garanti alkawari ne cewa kamfani zai gyara aibin da ya fito daga ƙirarsa, ba alkawarin gyara abin da kai ka jawo ba. Saboda haka in sensa ta mutu, ko turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska, ya lalace, ko inji ya yi zafi sanadin canjin, kamfani yana da hujjar ƙin biya. Amma me ya haɗa salansa da injin ɗaga gilashi, ko na'urar sanyaya mota, ko fentin da ke ɓarewa? A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana a soke garanti don kawai an sa kayan wani kamfani; sai an nuna cewa kayan ne suka haddasa lalacewar. Ko a inda babu doka mai wannan suna, yawancin littattafan garanti suna cire lalacewar da canji ya jawo ne, ba motar duka ba. Ka buɗe naka ka karanta shafin abubuwan da aka keɓe. Sannan ka rubuta wa dilan, kada ka tsaya ga maganar baka, ka nemi ya nuna maka sakin layin da ya dogara da shi, ka aika kwafi ga ofishin kamfanin da ya ƙera motar. Sau da yawa abin da aka faɗa da ƙarfi a bakin gareji yakan yi laushi idan aka ce a sa hannu a ƙarƙashinsa.

Roƙona ɗaya a nan: za a ba ka shawarar a taɓa kwamfutar motar a kashe wutar gargaɗin. Kada ka yarda. Wannan laifi ne na biyu a kan na farko, yana barin sawu da na'urar dila ke iya gani, kuma shi ne zai ba kamfani hujja mai ƙarfi a kan injin da giya baki ɗaya.

To, inshora. Tun shari'ar Carter da Boehm ta 1766, inda alƙali Mansfield na Ingila ya yi hukunci, aka kafa cewa yarjejeniyar inshora a kan amana take tsayawa: kai ka san abinka, kamfani da maganarka yake auna haɗari. Kusan kowace takardar inshorar mota tana tambayar ko an yi wa motar canji, kuma tana wajabta sanarwa idan an yi daga baya. Ka kwatanta ranar da ba ma fata. An ja motar zuwa gareji gabanta a murƙushe, mai tantance ɓarna ya durƙusa da tocila, ya ga sabon bututu yana ƙyalli da ɗanyar walda a inda ya kamata matata ta kasance. Hoto ɗaya zai ɗauka. Daga nan kamfani na iya rage abin da zai biya, ko ya ƙi biya. Dokar inshora ta Birtaniya ta 2012 ta bambanta mai sakaci da mai ganganci: na farko a rage masa gwargwadon abin da ya ɓoye, na biyu a rushe yarjejeniyar a riƙe kuɗin da ya zuba. A ƙasashe da dama kuma kamfanin zai biya wanda ka ji wa rauni, sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa. Diyyar mutumin da ya nakasa tana iya fin kuɗin motar nesa ba kusa ba. Shi ya sa na ce wannan ne ya fi tsorata ni, kuma ka riga ka san halin da kake ciki, ba za ka iya cewa mantuwa ce ba.

Maƙwabcinka yana da gaskiya, kuma doka ta san ƙarar da ke hana mutum sakewa a gidansa a matsayin cutarwa da ake kai ƙara a kanta. Inji mai sanyi yana ɗaga murya na ɗan lokaci bayan an tayar da shi, shi ne abin da ke tashinsa daga barci. Ka je ka same shi, ka gaya masa ranar da za a gyara. Mutumin da ya yi maka magana sau biyu kafin ya je hukuma ya mutunta ka.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka ajiye motar daga yau. Ka koma wurin makaniken ka karɓo matatarka ta asali, kada ka yi jinkiri, domin ƙarafan cikinta suna da daraja kuma ba ta daɗewa a ajiye. In ta salwanta a hannunsa ba tare da ka ba shi ita ba, bashinka ce a kansa. Game da kuɗin aikin, kana da abin faɗa tunda shi ne gwani kuma shi ya kawo shawarar, sai dai amincewarka za ta rage ƙarfin da'awar, don haka sulhu ya fi shari'a a nan: ya mayar da matatar ba tare da kuɗin hannu ba. Bayan an mayar, a goge lambar kuskuren, a yi gwajin hayaƙi da na ƙara, ka adana rasit da hotuna. In kana son barin tukunyar kasuwar, ka sanar da kamfanin inshora a rubuce, da sunan kayan da ranar ɗaurawa, ka jira amsarsu a rubuce kafin ka hau titi. Za su iya ƙara maka kuɗi ko su ce ba su karɓa, amma gara ka ji yanzu. In kuwa miƙaƙƙen bututun kake so ko ta halin ƙaƙa, to motar ta zama ta filin tsere, a tirela za a riƙa kai ta.

Tsohon salansan kamfanin kuma kada ka sayar. Ka shafa masa mai, ka naɗe shi a wuri busasshe, domin ranar da za ka sayar da motar dole ka faɗa wa mai saye abin da aka taɓa yi mata, kuma da wuya ya ƙi tambayarka ina na asalin yake.