Amsa ga ɗalibar da za ta fara karatun ɗaukar hoton asibiti

Ƙanwata, kin ce kin samu gurbin karatun rediyogirafi, amma 'yan uwa a nan Jos suna tsorata ki cewa hasken na'urar hoton ƙashi yana hana haihuwa.

Ki kwantar da hankalinki. Mai ɗaukar hoto yana komawa bayan garkuwar dalma ne kafin ya danna maɓalli, idan kuma dole ta sa ya tsaya kusa da majinyaci, sai ya sa rigar dalma, ga kuma ɗan bajo a ƙirjinsa mai auna yawan hasken da ya shafi jikinsa. Na'urar MRI mai aiki da maganaɗisu da ta sikanin ciki mai aiki da sauti kuwa ba sa amfani da irin wannan hasken ko kaɗan.

Inda nake so ki dage shi ne fiziks da ilimin sassan jiki, domin sai kin san ƙasusuwan wuyan hannu guda 8 sarai za ki iya daidaita hannun yaron da ya karye a kan na'ura, yana kuka, ba tare da kin maimaita hoton ba. Karatun shekara 5 ne, sai shekarar horo a asibiti. Kafin ki biya kuɗin rajista, ki tabbatar hukumar RRBN, mai ba da lasisin aikin, ta amince da sashen.