Kafin ka ƙaro mota ta biyu, Alhaji, ina littafin ta farko?

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Daura ya rubuto: "Ina da Hilux mai giyar hannu, ina kai gero da masara kasuwar Mai'aduwa da ƙauyukan Zango da Baure. Ƙanina ne direba. Bara ya ce mu sa mata manyan tayoyi masu inci 33 don ta daina maƙalewa a rairayi. Tun daga nan sau biyu muna canza kulaci, yanzu kuma giya na kuka. Ina so in ci bashi in ƙaro mota ta biyu, kuɗi su riƙa shigowa ta hanya biyu. Me kake gani?"

Alhaji, ajiye maganar bashi tukuna. Na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga lamba ko ɗaya ba sai incin taya. Nawa motar ke shigo maka da shi a wata? Nawa take sha a tafiya ɗaya zuwa Mai'aduwa? Wa ya biya kuɗin kulaci, kuma ka ga tsohon da aka cire da idonka? Idan amsarka ita ce "ƙanina ya sani", to ga ciwon nan.

Ga abin da tayar ta yi. Idan lambar girman ta asali 265/65R17 ce, tsayinta inci 30 da rabi ne. Mai inci 33 ta fi ta da kusan kashi 8 cikin 100, ga ƙarin nauyi. Haƙoran aksil kuwa, waɗanda ke miƙa ƙarfin inji ga tayoyi, ba su canza ba. Idan 4.10 ne (sandar da ke fitowa daga giya ta juya sau 4.10, taya ta juya sau ɗaya), yanzu aikin 3.8 suke yi, wato kamar kullum motar na tashi da giyar da ta ɗan fi ƙarfinta, ga lodin buhuna, ga yashi. Sai direba ya riƙe kulaci rabi-rabi yana taka mai, har ka ji wannan warin ƙauri daga ƙarƙashin mota. Kulacinka ke ci. Birki ma yana shan wahala. Agogon tafiya kuma ƙarya yake maka: in ya nuna kilomita 100, ta yi kusan 108, don haka baƙin mai yana wuce lokacin juye shi ba ka sani ba.

Gyaran biyu ne. Ko a mayar da tayoyin asali, a riƙa rage musu iska in za a shiga rairayi, a ƙara in an hau kwalta. Ko a canza haƙoran aksil zuwa kusan 4.56, kuma in motar mai jan ƙafa huɗu ce, gaba da baya dole su zama iri ɗaya. Ga mai ɗaukar hatsi, ni na farko zan zaɓa.

Na san wani a Katsina mai motoci biyu da ya bar wa ɗan yayarsa komai, har sayen kayan gyara. Yaron ba ɓarawo ba ne, son mota mai kyan gani kawai yake. Da aka cire tallafin mai a 2023, sai mutumin ya zauna lissafi a karon farko, ya tarar ɗaya motar ribar shagonsa take ci fiye da shekara. A araha ya sayar da ita, kuma har yau gaisuwa da ƙyar tsakaninsa da yayarsa.

Sayi littafi mai bango gobe. Kowace tafiya a rubuta lita nawa, buhu nawa, kuɗin mota nawa. Duk gyaran da za a yi, kai za ka je gareji, bakanike ya nuna maka abin da ya lalace a hannunka. Ka yanka wa ƙaninka albashi, ya daina yanke shawara da aljihunka. Bayan wata uku ka turo mini abin da littafin ya nuna, sai mu yi maganar mota ta biyu.